Littafin Baƙin Makarantarmu Ya Shekara Uku Bai Ga Sa Hannun Mai Duba Makarantu Ba

Ranar Litinin ɗin da ta biyo bayan sadakar arba'in ɗin yayana, Allah ya jiƙansa, ban kama hanyar Bauchi da sassafe kamar yadda na saba ba. Na tsaya in leƙa firamaren garinmu, domin nauyin 'ya'yan da ya bari ya dawo wuyana, kuma babbarsu tana aji biyar. Rabona da taka harabar makarantar nan ya haura shekara goma, alhali a cikinta na koyi abacada.

Ƙarfe goma saura na isa. A jikin bangon ofis akwai takardar sunayen malamai, mutum tara. Waɗanda na tarar biyu ne: hedimasta, da wata baiwar Allah mai aikin sa kai, wadda ko sunanta babu a takardar. An haɗe aji huɗu da biyar da shida a ɗaki guda, saboda iskar farkon damina ta yaye kwanon sauran. Na kira 'yar yayan nawa gefe, na karɓi littafinta na rubuta mata jimla ɗaya, "Inna ta tafi kasuwa," na ce ta karanta. Ta daɗe tana kallon rubutun. Can ta sunkuyar da kai ta ce, "Bappa, ba a zo nan ba tukuna." Shekararta biyar tana sammako da jakar buhu a rataye.

Da zan tafi hedimasta ya miƙo mini littafin baƙi in sa hannu. Na riƙa buɗe shafukan baya ina dubawa. Masu allurar rigakafi sun zo, sun sake zuwa. Malaman zaɓe sun zo, don a gindin darbejiyar makarantar ake ajiye akwati. Amma sa hannun mai duba makarantu na ƙarshe ya shekara uku da 'yan watanni. Na ɗago na dube shi. Ya ce, "Alhaji, shi ma sufabaizan kada ka ga laifinsa kacokan. Makarantun da ke ƙarƙashinsa sun fi ashirin, babur ɗin nasa ne, man ma daga aljihunsa. Da wanne zai ji?"

Tun daga ranar nake yawo da tambaya ɗaya: yarinyar nan da ta yi shekara biyar ba ta iya haɗa baƙi ba, aikin wa ne ya gano haka kafin ni?

Na kai tambayar wurare da dama, kuma kowa ya ba ni amsa mai kama hankali. A sakatariyar ƙaramar hukuma aka ce albashin malamai tun daga sama ake cire shi daga kasonsu, ɗaukar malami da sauya masa wurin aiki kuwa ba a hannun ciyaman yake ba. A ofishin ilimi aka ce umarni daga SUBEB, hukumar ilimin bai ɗaya ta jiha, yake zuwa, kuɗin gudanarwa kuma sai an ga dama. Wani abokina da ya san harkar a matakin jiha ya ce su gini da kayan aiki ne nasu, sa ido na yau da gobe na waɗanda ke kusa ne. Ban ce wani a cikinsu ya yi mini ƙarya ba. Abin da ya dame ni shi ne duk gaskiyarsu, in ka tara ta wuri guda, ba ta kai ƙofar aji biyar ba. Mun taso muna jin ɗa na kowa ne. A tsarin da muke ciki yanzu, maganar ta juye ta zama kowa yana zaton wani ne ke riƙe da shi.

Tushen ruɗanin yana cikin doka. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya jero ayyukan ƙaramar hukuma: kasuwa, tasha, maƙabarta, mayanka, rajistar haihuwa da mutuwa da aure, har da gidajen kula da gajiyayyu. Da ya zo kan ilimin firamare da kiwon lafiya sai ya sassauta harshe, ya ce ƙaramar hukuma za ta shiga a dama da ita a cikin aikin gwamnatin jiha. Shiga a dama da kai daban, a ce kai ne mai tukunya daban. Sannan dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta zo ta ce karatun shekara tara, shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma tilas. Ta kafa UBEC, hukumar ilimin bai ɗaya ta ƙasa, a Abuja, aka ware mata kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, bisa sharaɗin sai jiha ta ajiye nata kason kafin ta karɓa. Kowace jiha ta sami SUBEB, kowace ƙaramar hukuma ta sami hukumar ilimi da sakatarenta a ƙarƙashin kulawar SUBEB. Kuɗin albashi na ƙaramar hukuma, linzami a hannun jiha, tsari daga Abuja. Wa iyaye za su riƙe?

Ranar 11 ga Yulin 2024, da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Babban Lauyan Tarayya Lateef Fagbemi ya shigar, ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, ta kuma haramta wa gwamnoni naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓu, ina cikin waɗanda suka yi murna. Asusun haɗin gwiwar jiha da ƙananan hukumomi da sashe na 162 na tsarin mulki ya tanada ya daɗe da zama rijiya gaba dubu a faɗin ƙasar nan. Kason ƙananan hukumomi, kashi 20.6 cikin 100 na asusun tarayya, ba kuɗin wasa ba ne, balle bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023 da rabon wata-wata ya kumbura. Aiwatar da hukuncin ya yi ta tafiyar hawainiya, wannan kowa ya sani. Amma ko a zaurukan da muke zama ana musu a kai, a Azare ne ko Misau ko nan Bauchi, maganar ba ta wuce wa zai riƙe kuɗin. Ban taɓa jin an tsaya an ce, to in kuɗin sun iso, wa zai je ya ga ko malami ya shiga aji ranar Laraba?

Tsofaffin malamai suna da dalilin ɗari-ɗari da wannan 'yanci, kuma ya kamata mu saurare su. An taɓa gwadawa. A 1988 aka kafa hukumar kula da ilimin firamare ta ƙasa, a 1991 aka rushe ta aka miƙa wa ƙananan hukumomi ragamar komai. Abin da ya biyo baya duk malamin da ya yi zamanin yana ba da labarinsa da ɗaci: watanni ba albashi, yajin aiki a kan yajin aiki, har masu gidajen haya suna gudun ba malamin firamare ɗaki. Sai da aka dawo da hukumar a 1993. Ba ma sai an je nesa ba. A 2025 malaman firamare na Abuja sun shafe fiye da wata uku suna yajin aiki, saboda ƙananan hukumomin birnin tarayya sun gaza biyan sabon mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da sauran haƙƙoƙi. A ƙarƙashin hancin fadar shugaban ƙasa ke nan. Don haka duk mai cewa da zarar kuɗi sun sauka a asusun ciyaman yara za su iya karatu, bai yi wa tarihi adalci ba.

Duk da haka ina nan a kan goyon bayan a ba ƙaramar hukuma ƙarfinta, kuma dalilina ɗaya ne: kusanci. Mutumin ƙauye a Toro ko Ningi ko Zaki ba zai taɓa ganin shugaban SUBEB ba, amma ya san gidan kansilansa, ya san masallacin da ciyaman ke sallar Juma'a, ya san surukansa. Jihar Bauchi ƙananan hukumomi 20 gare ta, wasunsu kamar Toro da Alkaleri faɗinsu ya isa a wuni ana tafiya a cikinsu. Babu yadda jami'in da ke zaune a babban birnin jiha zai san makarantar da kogi ke yanke ta wata biyu a kowace damina. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sai dai kusancin ba ya amfani in ciyaman ya san ba ƙuri'ar mutanen nan ce ta kawo shi ba. Muddin zaɓen ƙananan hukumomi ya ci gaba da zama wanda jam'iyyar gwamna ke lashe kusan kowace kujera, kamar yadda ake gani a jihohin kowace jam'iyya, to idon ciyaman sama zai riƙa kallo, ba ƙasa ba.

Mahaifinmu, Allah ya gafarta masa, yakan ba mu labarin zamanin En'e, lokacin da mulkin ƙasa ke hannun sarakuna. Ba ya yabon zamanin gaba ɗaya, yakan ce akwai zalunci, 'ya'yan talakawa da marasa gata ake kamawa a kai boko, masu hali su ɓoye nasu. Shi kansa Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda malamin makaranta ne a nan Bauchi kafin siyasa, a 1950 ya miƙe a majalisa a Kaduna ya nemi a gyara tsarin En'e. Amma abu ɗaya mahaifinmu yake jinjina wa: in yaro ya yi fashin kwana uku, hedimasta zai aika wa mai unguwa, mai unguwa ya kai wa dagaci, kafin mako ya zagayo uban yaro yana durƙushe a zaure yana bayani. Akwai wanda ya san sunan yaron, akwai wanda za a tuhuma in ya ɓace. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya karɓe iko daga hannun sarakuna ya ba zaɓaɓɓu, kuma a shekarar aka buɗe ƙofar firamare ga kowa. Duka biyun alheri ne. Kuskurenmu shi ne mun kwance tsohuwar igiyar, ba mu tufka sabuwa ba.

Abin mamaki, igiyar tana nan kwance. Har gobe babu jaririn da za a haifa a garinmu mai unguwa bai ci goron sunansa ba, liman bai raɗa masa suna ba, ungozoma ba ta san ɗakin ba. Mutum uku sun san kowane yaro tun yana kwana bakwai, amma hukumar da tsarin mulki ya ɗora wa rajistar haihuwa ba ta da sunansa a ko'ina, sai in uwar ta yi dacen haihuwa a asibitin da ma'aikacin hukumar ƙidaya ke zama. UNICEF, wadda ke da ofishin shiyya a nan Bauchi, ta daɗe tana ambaton yara miliyan 10.5 da ba sa zuwa makaranta a Najeriya, mafi yawansu a Arewa. Adadin yana tayar da hankali a taron bita, amma ba ya tayar da kowa daga kujera, domin miliyan ba ta da uwa ba ta da uba. Abin da zai tayar da kansila shi ne a ce masa a mazaɓarka yara kaza ne suka isa shiga aji ɗaya bana, ga sunayensu, ga gidajensu, kaza ne kawai suka shiga. Dokar 2004 ta tanadi hukunci ga uban da ya ƙi kai ɗansa: karon farko gargaɗi, na biyu tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata guda. Ta yaya za a gargaɗi uba a kan yaron da hukuma ba ta san da zamansa a duniya ba?

Ni kuwa ba ma tarar ce ta dame ni ba, don yawancin iyayen da na sani ba ƙiyayyar boko ke hana su ba. A gidan yayana na ga yadda abin ke faruwa, a hankali, ba da shawarar kowa ba. Mai gida ya rasu, hatsin rumbu ya ƙare kafin Azumi, matar ta fara dafa wake da shinkafa na sayarwa. Tana cikin takaba, wa zai kai tasha? Yarinya ta fara da tallan yamma, ya koma na rana, ya koma na safe. Da ba na nan, da tuni an daina ganinta a aji, kuma babu wanda zai rubuta ko'ina cewa ta daina zuwa. Lokacin da ake ciyar da 'yan aji ɗaya zuwa uku a ƙarƙashin shirin da gwamnatin tarayya ta fara a 2016, a kan naira 70 kowane yaro, ajujuwa sun cika duk da ƙorafin da aka yi ta yi a kan ingancin abincin. Da abincin ya tsaya, kowa ya ga yadda suka rage. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mana cewa maganar makaranta da maganar tukunyar gida magana ɗaya ce.

A nan ne ofishin jin daɗin jama'a, wanda muke kira walfeya, ya kamata ya shigo. Na raka wata 'yar uwarmu can, wadda mijinta ya sake ta ya bar mata yara huɗu ba ci ba sha. Ɗaki ne guda a ƙarshen baranda, tebur ɗaya, benci ɗaya, da kabad ɗin da ƙofarsa ta ɓalle. Ma'aikaciyar da muka samu mace ce mai kirki da sanin aiki. Ta saurare ta har ta gama kukanta, sannan ta ce, "Yi haƙuri 'yar uwa, zan rubuta masa takardar gayyata. Amma sai dai ku kai masa da kanku, ba mu da abin hawa." Takardar ma a shagon waje muka biya aka buga. Wannan ofis shi ne ake sa ran zai bi sawun maraya, ya sasanta ma'aurata, ya gano yarinyar da ake azabtarwa a gidan riƙo, ya karɓi jaririn da aka tsinta. Dokar kare haƙƙin yara ta tarayya tun 2003 ta tanadi kwamitin aiwatarwa har a matakin ƙaramar hukuma, jiharmu kuma ta yi tata dokar bayan kusan shekara ashirin ana kai ruwa rana. Doka ta samu. Amma ranar da abu ya faru a ƙauye, wurin dagaci ko 'yan Hisba ko ofishin 'yan sanda ake nufa, domin su ne ake gani.

Mun ga illar wannan rashin sani a 2020, lokacin korona, da gwamnonin Arewa suka riƙa lodin almajirai a motoci ana mayar da su jihohinsu. An sauke yara, an raba su ga ƙananan hukumominsu, aka ɗauki hoto. Bayan 'yan watanni da yawansu suka koma inda suka fito, saboda abin da ya fitar da su daga gida yana nan, kuma babu wanda aka ɗora wa bibiyarsu. A 2023 an kafa hukumar almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta ta ƙasa. Ina yi mata fatan alheri, amma daga Abuja ba za a san tsangayar da alaramma ke da kolo sittin ba makewayi ba. Haka maganar tamowa. Sai da ta kai ƙungiyar likitoci ta MSF ta zo tana jinyar yara a Kafin Madaki. Yaro ba ya wayar gari da tamowa, watanni yake yi yana ramewa a gaban mutane.

Ba zan ɗora komai a kan hukuma in wanke hannuna ba. Mu 'yan bokon da muka fito daga waɗannan ƙauyuka muna da kaso babba. Mun kwashe 'ya'yanmu mun kai makarantun kuɗi, daga ranar kuma muka daina jin zafin ta gwamnati. Malamai takwas ɗin nan da ban tarar ba, ba aljanu suka ɗauke su ba. Wasu suna gona, wasu suna kasuwa, wasu kuma suna cikin gari sun sami wanda ya tsaya musu. Ni kaina na taɓa ɗaga waya na roƙi a dawo da matar wani abokina daga makarantar ƙauye zuwa cikin gari, aka kuwa yi mini. A lokacin gani nake zumunci na yi. Ban tambayi wa zai maye gurbinta ba, kuma yanzu na san amsar: babu. Da irin wannan alfarma ake tara malamai a makarantun cikin gari har suna rasa ajin shiga, na ƙauye kuma mutum ɗaya yana fama da yara fiye da ɗari, alhali manufar ilimi ta ƙasa malami ɗaya ga yara 35 ta ce. In sufabaiza ya yi ƙarfin hali ya rubuta rahoton malamin da ba ya zuwa, mu ne dai za mu bi dare mu je ba da haƙuri.

Abin da nake nema daga shugabannin ƙananan hukumominmu bai kai kuɗin katangar sakatariya ba. A ba mai duba makarantu babur da man da zai kai shi kowace makaranta ko da sau biyu ne a zango, kuma ya riƙa zuwa ba sanarwa. In ya je kada ya tsaya a ƙirga benci, ya ɗauki yara biyar daga aji huɗu ya ba su jimlar Hausa su karanta, ya rubuta abin da ya gani. A manna sunayen malaman kowace makaranta a ƙofar dagaci, inda kowa zai gani, domin ma'aikacin bogi ba ya son hasken rana. Kwamitin gudanar da makaranta, wanda a wurare da yawa sai za a karɓi tallafi ake tuno shi, a sa mata a ciki da gaske, don uwa ce ta san ranar da yaro ya dawo gida ƙarfe goma. Ma'aikaciyar walfeya ta sami abin hawa da ɗan kuɗin gaggawa, hedimasta kuma ya sami lambarta, yadda in yarinya ta yi mako biyu ba a gan ta ba, wani zai taka har gidansu ya ji dalili kafin a kai ga sa ranar aurenta.

Sannan kowane ƙarshen zango kansila ya tsaya a gaban mutanen mazaɓarsa, da mai unguwa da liman da fasto inda akwai, ya karanto yara nawa aka haifa, nawa suka shiga, nawa suka fita, ina suka tafi. Za a ce kansilolinmu ba su saba da haka ba. Gaskiya ne. Ba su saba ba ne saboda ba mu taɓa tambayarsu ba. Abin da muke kai musu shi ne katin biki da takardar asibiti, su ma suka ɗauka aikin ke nan.

Na koma garin bayan wata biyu, ranar Talata, da gangan ba tare da na gaya wa kowa ba. Malamai uku na tarar. Mun zauna da dagaci da wasu iyaye, an amince duk ranar kasuwa mutum biyu za su biya makarantar su ga wanda ya zo, su rubuta. 'Yar yayana na sa ta a wurin malamar nan mai aikin sa kai, tana yi mata darasi bayan la'asar, yanzu tana haɗa baƙi da wasali tana tuntuɓe. Sauran 'yan ajinsu su arba'in da wani abu ne, kuma badi za su fita. Na sake karɓar littafin baƙi na sa hannu. Sunan da ke saman nawa, nawa ne na wancan zuwan.